Tarihin sana'arka ba na'ura ce za ta ƙaga maka ba

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya kan wannan yayin na haɗa talla da ƙirƙirarriyar basira ta AI.

A 2024 kamfanin kayan wasan yara na Amurka, Toys R Us, ya sa manhajar Sora ta haɗa bidiyon yarintar wanda ya kafa shi, Charles Lazarus. Kamannin yaron ma sai canzawa suke daga wannan fitowa zuwa waccan. A ƙarshen shekarar, Coca-Cola suka maimaita tallarsu ta Kirsimeti ta 1995, mai jerin manyan motoci, da AI. Mutane suka yi musu ca, suka ce ba rai a cikinta. Manyan kamfanonin duniya ke nan fa!

To a nan gida abin ya fara zama algus. Mai turaren wuta ta sa ChatGPT ya rubuta mata "gadon kaka da kakanni", alhali bara ta fara. Mai atamfa ya ɗora hoton da na'ura ta zana, kaya su iso launi daban. Haba!

Ban ce a jefar da AI ba. Ta gyara maka rubutu, ta tsara maka sanarwa, ba laifi. Amma wa ya koya maka sana'ar? Ina kake saro kaya? Yaya ka yi ranar da aka dawo maka da haja? Wannan shi ne labarin, kuma kai kaɗai ka san shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ka yaudara da hoto sau ɗaya ba zai sake turo maka kuɗi ba, kuma wallahi sai ya gaya wa dangi.