Sharar Ikko: Kada A Mance Da Baban Bola

Duk wanda ya bi ta Ojota ya san Olusosun, ko idonsa bai gani ba hancinsa zai gaya masa. Nan ne babban jujin Ikko, nan ne kuma gobara ta tashi cikin watan Maris na 2018, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye kwana da kwanaki. Hukumar kwashe shara ta jihar, watau LAWMA, ta ƙiyasta cewa birnin yana fid da shara kimanin tan 13,000 kowace rana ta Allah. Amma ba dukanta ce shara ba. Akwai kwalabe, da gwangwani, da kwali, da robar ruwa, waɗanda masana'antu suke saye da kuɗi su sake sarrafawa. Da zarar sun cuɗanya da ragowar tuwo da ɓawon doya, darajarsu ta faɗi.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi ne. A Ikko kuwa gwamnatin jiha ta kafa tata hukumar tun 1977, yanzu ita ce ke lura da 'yan kwangila masu motoci da ake kira PSP. Wannan bai sauke wa ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 nauyin da ke kansu ba, domin su ne ke da dubagari, su ne kuma suka san lungu da saƙo.

A 2019 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da shirin Blue Box, aka ce kowane gida ya riƙa ware abin da za a sake sarrafawa a buhu dabam. Dabara ce mai kyau. Sai dai mai gida a Ikoyi yana da filin ajiye buhu biyu. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, cikin gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, inda ake girki a baranda, ina zai ajiye? Kuma matar da ta sha wahalar warewa, in ta ga an watsa buhunan duka cikin mota ɗaya, ba za ta sake yi ba.

Alhali kuwa akwai masu wannan aiki tun kafin a yi shirin, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. Baban bola yakan bi gida gida ya saya, ya kai wa dillali mai sikeli. Daga nan ƙarfe ya nufi masana'antun narka rodi na wajen Ikorodu da Ogijo, sanholama kuma ya koma tukunya. Ba albashi, ba safar hannu, ga tsinin kwalba da allura. Ladan da yakan samu daga hukuma shi ne kamu. A 2018 gwamnatin Ikko ta haramta tura kurar shara, a 2025 kuma Abuja ta hana 'yan bola yawo cikin birni.

Gaskiya ɗaya ce, hukuma tana da hujja. Akwai ɓata-gari masu cire murfin lambatu da wayar lantarki, akwai masu karɓar kuɗin shara su juye ta a magudanar ruwa da dare, damina ta zo ruwa ya ci gidajen talakawa. Ɓoye irin waɗannan don an fito gari ɗaya da su, cutar kai ce. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan gwangwan su riga hukuma tona su.

Amma kora ba ta rage ko cokali ɗaya na shara. Abin da ya fi shi ne kowace ƙaramar hukuma ta yi wa masu sana'ar rajista, ta ba su katin shaida da lamba, ta keɓe fili a kowace mazaɓa inda za a kafa sikeli a rubuta farashi a allo. Gidan da ya kawo kayan da aka ware, a biya shi nan take, ko a rage masa kuɗin PSP na wata. Kamfanin Wecyclers, wanda aka kafa a Ikko a 2012, ya riga ya gwada saka wa gidaje bisa nauyin abin da suka tara, mutane kuma suka amsa. Sanarwa ma a yi ta da Hausa, a kai ta masallatai da kasuwar Mile 12.

Masu sayar da abinci, da masu shayi, da masu tsire su ma su lura. Tun Janairun 2024 aka hana farin mazubin abinci na soso a jihar, daga 1 ga Yulin 2025 kuma aka fara zartar da hani a kan siraran ledoji da kofuna da cokulan roba. Wanda bai ji ba, tara ce za ta sanar da shi.