Wa Ya Rage wa Yaron Shekaru?

Gab da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wadda aka yi a Limbe cikin Janairu 2023, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, wato FECAFOOT, ta tara yara 30 ta kai su gwajin shekaru. Cikin 30 ɗin nan, 21 suka fāɗi. Aka yi gaggawa aka kirawo waɗansu su maye gurbinsu, cikinsu ma 11 suka fāɗi. Labarin ya zaga duniya. Waɗansu suka yi ta dariya, waɗansu suka yaba wa Samuel Eto'o, wanda aka zaɓa shugaban hukumar a Disamba 2021, cewa ya yi ƙarfin hali. Aka sallami yaran, kowa ya koma garinsu da kunya.

Amma yaro ba shi da hatimi. Ba shi yake zama a ofishin rajista ba, ba shi yake sa hannu a katin ɗan wasa ba. Kowace takardar ƙarya da ta kai yaran nan sansanin horo ta bi ta hannun manya: uba ko kawu da ya biya kuɗi, ma'aikaci da ya buga hatimi, mai horarwa da ya dubi gemun yaron ya kau da kai. Duk da haka a kan yaro kaɗai hukunci ya fi sauka. A Yuli 2022 hukumar ta kira 'yan wasa 44 su amsa zargin sauya shekaru ko suna. A Maris 2024 ta dakatar da 62. Jerin sunayen 'yan wasa yakan fito a jarida, a karanta shi a rediyo, amma da wuya a ji sunan wanda ya rubuta takardar.

Mutanen Garwa ba baƙin ƙwallo ba ne. Nan ne gidan Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly ta Masar. Daga ƙungiyar nan Vincent Aboubakar ya fito, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017. A filin Roumdé Adjia aka buga wasannin kofin Afirka a Janairu 2022, har 'yan kallo suka ƙetaro daga Yola. Saboda haka duk yaron da yake buga ƙwallon tsumma a bakin Binuwai ya san cewa hanyar nan tana kaiwa Turai. Iyayensa ma sun sani. Dillalai kuwa sun fi kowa sani, sun kuma san cewa ƙungiyoyin Turai sun fi son ɗan shekara 17 a kan ɗan shekara 22, ko da ƙafarsu ɗaya ce. Shekara biyar ɗin nan kuɗi ne, shi ya sa ake yanke su.

Ba a sansanin ƙasa ake fara koyon wannan ha'inci ba. A makaranta ake farawa. Kamaru tana da wasannin makarantu na FENASSCO, na firamare da na sakandare, tana kuma da wasannin jami'o'i, waɗanda arewa ta karɓi baƙuncinsu a Marwa a 2018, a Ngaundere a 2023, a Garwa kuma a 2024, shekara biyu bayan kafa jami'ar garin. An shirya wasannin nan domin ɗalibai. Amma wanda ya saba tsayawa a bakin fili ya san ɗan haya in ya gan shi: ƙato ne wanda sunansa ya shiga rajistar makaranta ana sauran 'yan makonni a fara gasa, ba malamin da ya taɓa duba littafinsa, da an ba da kofi kuma ba a ƙara ganinsa. Shugaban makaranta yana so a ambaci sunan makarantarsa a gaban gwamna. Malamin wasanni yana so a ce ya iya aiki. Makarantar da aka cuta takan yi shiru, gama ita ma tana da nata ƙaton a benci. Makarantun gwamnati da na masu zaman kansu da na ikkilisiya duka a fili ɗaya suke wasa, jarabar kuma ba ta tambayar wa ya gina aji.

Akwai masu cewa ai abin taimako ne, yaron talaka ne, a bar shi ya ci abinci. Wannan magana tana da daɗin ji, sai dai ta manta da wani yaro, shi ma ɗan talaka. Yaro ne na shekara 15 na gaskiya, daga Gidar ko Yagwa ko Mokolo, wanda ya yi shekara yana gudu da sassafe kafin ya tafi gonar auduga. An sa shi ya kara da mai shekara 20. In ya yi sa'a a kwace masa ƙwallo, in bai yi sa'a ba a karya masa ƙafa. Mai neman 'yan wasa ya dube shi ya ce ba shi da ƙarfi. Ba wanda zai rubuta labarinsa, gama bai fāɗi gwajin kome ba, gida kawai ya koma. Abincin da aka ba wancan, daga bakin wannan aka cire shi.

Shi ma wanda aka rage wa shekaru ba a yi masa alheri ba. Yana haskakawa cikin yara, amma ranar da ya shiga cikin tsaransa sai a ga ba abin da ya rage masa na girma. Takardarsa ta ce 27, gwiwarsa ta ce 33. Ga shi kuma an koya masa tun yana ƙarami cewa ranar haihuwa abin ciniki ce, manyan da yake girmamawa ne kuwa suka koya masa.

Na'urar MRI da ake taƙama da ita tana da iyaka. FIFA ta fara amfani da ita a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Nijeriya a 2009. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu, a duba ko ƙashin ya gama haɗewa. In ya haɗe sarai, sai a ce yaron ya wuce 17. Amma jikin mutane ba ɗaya ba ne, wani yakan riga wani ƙosawa, har mai gaskiya ma yana iya fāɗuwa. Ga tsada, ba wanda zai kai kowane ɗan FENASSCO asibiti. Nijeriya ta sha dakatarwar FIFA ta shekara biyu a 1989 a kan wannan laifi, amma a 2016 yaranta 26 suka sāke fāɗuwa a gwaji. Wato tsoron na'ura bai hana ba.

Tushen abin a arewacin Kamaru takardar haihuwa ne. Yara da yawa ana haifarsu a gida, a ƙauyen da yake nesa da ofishin rajista, ba a rubuta su ba. Sai yaro ya kai aji shida, jarrabawar CEP ta matso, sa'an nan a tuna ba shi da takarda. Tun da wa'adin doka ya wuce, sai a tafi kotu da shaidu a nemi hukuncin da zai tsaya a madadinta. Doka ta buɗe wannan ƙofa domin jinƙai, amma ta nan ɓarawon shekaru yake shiga, gama shekarar da shaidu suka faɗa ita za a rubuta. Har Kamarawa suna yi wa irin wannan takarda ba'a, suna ce mata takardar Kumba.

Gyaran ba ya bukatar na'ura. Makarantar firamare tana da littafin da aka rubuta yaro ranar da ya shiga aji ɗaya. Asibiti yana da littafin masu haihuwa, ikkilisiyoyi da yawa kuma suna da littafin baftisma. A ce ba ɗalibin da zai sa rigar makaranta a gasa sai ya yi shekara guda cur a cikin ajinta, da sakamakon jarrabawarsa a hannu. A gwada takardarsa da littafin aji ɗaya. In aka kama ƙarya, a karɓe kofin, a hana makarantar shiga gasa, a kuma rubuta sunan shugaban makaranta da na malamin wasanni da na ma'aikacin da ya buga hatimi a saman jerin, sunan yaron a ƙasa. An yi wa Gini haka a 2019: ta zo ta biyu bayan Kamaru a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17, aka gane an sauya takardun 'yan wasanta biyu, aka soke matsayinta, Senegal ta tafi gasar duniya a madadinta.