An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ya Ce Gizo Mugu Ne?

Akwai kalmar da muke saurin liƙa wa duk halittar da ta ba mu tsoro, ita ce "mugu". Kwanan nan kalmar ta sami sabon masauki a wayoyin samarinmu na unguwar Mayo, nan kudancin Khartum. Bidiyoyin masu kiwon tarantula, ƙaton gizon nan mai gashi, su ne ke yawo a TikTok da WhatsApp. A nuna maka wani yana tafiya a tafin hannun yarinya, a ce wannan mai sanyin hali ne. A nuna maka wani an zungure shi da tsinke ya miƙe yana nuna fiƙa, a ce wannan mugu ne. Masu kallo su yi a'uziyya, su yi dariya, su tura gaba. Ni kam ina da ja. Wannan rabo na salihi da mugu ƙarya ce, mai sayarwa kaɗai take amfana, kuma irinta ce muke yi a ɗakunanmu, inda take jawo mana asarar da ta fi ta kuɗi.

Bari mu fara da shi kansa gizon. Nau'o'in tarantula da masana suka tantance sun haura 1,000, kuma babu ko ɗaya da ke farautar mutum. Abincinsu gyare, kyankyaso, fara, wani lokaci ɗan ƙadangare. Idanunsa takwas, amma ganinsa bai taka kara ya karya ba. Da gashin ƙafafunsa yake jin motsin ƙasa da na iska. Idan hannu ya shigo masa daga sama, shi bai san hannu ba ne, abin da ya sani shi ne wani ƙaton abu ya rufto masa, kamar yadda tsuntsu mai cin sa yake yi. Abu na farko da yake yi shi ne gudu cikin raminsa. In babu rami, ya ɗaga ƙafafun gaba ya buɗe fiƙoƙi, wato gargaɗi. In aka ci gaba da matsa masa, ya kai duka da ƙafa. Cizo shi ne na ƙarshe, sai tura ta kai bango. Wanda ya yi maka gargaɗi sau uku kafin ya taɓa ka, da wane baki za ka kira shi mugu?

To me ya sa wani ya fi wani saurin cizo? Bambancin makami ne. Yawancin na nahiyar Amurka, irin mai jan gwiwa na Meziko da mai ruwan hoda na Chile, suna da wani gashi mai ƙaya a bayan cikinsu. In an dame su sai su karce shi da ƙafafun baya ya tashi kamar ƙura, ya shiga fata da hanci da idon maƙiyi. Tunda suna da abin jifa daga nesa, ba su cika buƙatar cizo ba, dafinsu ma ba shi da ƙarfi sosai. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi ko kaɗan. Abin da suke da shi gudu ne da dafi. Shi ya sa jan gizon nan na gabashin Afirka ya yi ƙaurin suna wajen masu kiwo, har suka yi masa laƙabi da cizo. Wani na Kenya da Tanzaniya har huci yake yi, ta hanyar goga gaɓoɓinsa na gaba. Na Indiya da Siri Lanka masu zama a kogon bishiya, cizonsu kan sa tsoka ta yi ta murɗewa kwana da kwanaki. Duk da haka, ba a taɓa tabbatar da mutuwar mutum ɗaya ba sanadin dafin tarantula. Mai baka da mai wuƙa duk maharba ne a bakin ƙofar gidansu, sai dai mai wuƙa dole ya bari ka matso.

Shi kuma wanda ake yi wa kirarin sanyin hali, kada wanda ya ruɗe ku. A shekarar 2010 mujallar likitoci ta Lancet ta buga labarin wani saurayi a birnin Leeds na Ingila da ya yi makonni idonsa na ja yana zubar da ruwa, ana ba shi maganin ciwon ido bai ji sauƙi ba. Da aka duba da madubin likita sai ga gashin gizon Chile da yake kiwo sun nutse masa a ido. Yana goge akwatin ne gizon ya watsa masa. Wannan shi ne salihin da ake ɗora wa yara a hannu. Gizo ba kare ba ne, ba ya gane ubangida, ba ya sabo. Zaman da yake yi shiru a tafin hannu haƙuri ne na wanda bai ga hanyar gudu ba. Kuma haɗarin ya fi yawa a kansa: cikinsa taushi gare shi, in ya faɗo daga hannun mutumin da ke tsaye zai iya fashewa ya mutu, halittar da macenta kan yi shekara 20 ko fiye in an bar ta lafiya.

Wa ke cin ribar wannan rabo? Mai sayarwa. Da sunan sanyin hali yake sayar wa sabon shiga, da sunan mugunta yake sayar wa mai son a ce masa jarumi. Kasuwar kuwa ba ta wasa ba ce. Saboda yawan kwasar su daga daji, yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji ta saka masu jan gwiwa na Meziko da danginsu cikin jerin waɗanda ba a fitar da su sai da izini, a 2019 kuma aka ƙara na Indiya da Siri Lanka. Yankinmu na asali ma bai tsira ba: akwai mai zama a bishiyoyin Togo da Gana da ake kiwo a Turai, ga kuma baƙar kunamar nan ƙatuwa da aka daɗe ana fitarwa daga Togo da Benin da Gana. An tono halitta daga raminta, an kulle ta a akwatin gilashi, ana zungurar ta don a sami masu kallo, sannan ita ce muguwa. Laifi tudu ne.

Wani zai ce, malam, mu da muke fama da ruwan sha da wutar lantarki, ina ruwanmu da gizon Turawa? Ruwanmu shi ne, irin wannan gurguwar fahimta ta daɗe a tsakar gidajenmu tun kafin a ƙirƙiro waya.

Ɗauki tautau. Yaro ya tashi da safe da ƙuraje masu ruwa a wuya, nan take a yanke hukunci: tautau ya yi masa fitsari. A bi bango da takalmi. Alhali gizo ba ya irin wannan fitsari. Sau da yawa wani ɗan siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, mai zuwa wajen fitila da damina, wanda in an murje shi a jiki ruwansa ke ƙona fata. Wani lokacin kuma, musamman ga manya, ƙwayar cutar ƙaranbau ce da ta kwanta a jijiya ta farka, ta fito a ɓari ɗaya na jiki da zafi kamar wuta, wadda maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na farko. Mu kuwa muna can muna shafa toka muna tsine wa tautau.

Ɗauki kuma wanda ake kira abu shabat a Larabcin nan, mai launin yashi da manyan muƙamuƙai, mai gudu kamar iska, wanda ke shigowa tsakar gida da daddare in an kunna fitila. Mata su yi ihu, yara su haye angarib, gadon nan namu na igiya. Shi wannan ba gizo ba ne ma, dangi ne kawai, kuma ba shi da dafi. Zai iya cizo ya yi zafi in an kama shi, iyakarta ke nan. In ka ga yana bin ka da rana, inuwarka yake nema. Ba yau aka san haka ba: Farfesa John Cloudsley-Thompson, wanda ya koyar da ilimin dabbobi a Jami'ar Khartum daga 1960 zuwa 1971, a hamadar da ke kewaye da mu ya yi nazarin irin waɗannan halittu. Ilimin yana bakin ƙofarmu fiye da shekara 50, bai shigo ɗaki ba.

Mai kisan tana nan a gefe, ba gashi, ba girma, ba ihu. 'Yar rawayar kunamar nan mai siraran hannuwa da ke yankinmu tana cikin mafi haɗarin kunamun duniya, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, don jikinsu ba ya ɗaukar dafin. Tana ɓuya ƙarƙashin bulo, cikin takalmi, bayan randa, cikin tarin itace. Ruwan sama na koro ta. A Nuwamban 2021, bayan wata guguwa a Aswan ta Masar, ɗaruruwan mutane ta harba cikin 'yan kwanaki. Yanzu da jama'a ke komowa gidajen da suka bari tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗakunan da suka daɗe a kulle da ɓaraguzan gini sun zama mata masauki. Amma sai ka ga magidanci ya tara unguwa a kan abu shabat, gobe kuma ya tura yaro ɗebo bulo da hannu ba takalmi. In an harbi yaron, a tsaga wurin, a tsotse, a ɗaure da tsumma, a zauna jiran ikon Allah. Duk ɓata lokaci ne. Yaron da kunama ta harba asibiti ake kai shi nan take, in kuwa ya fara gumi, dalalar da miyau, amai ko numfashi sama-sama, to kowane minti rai ne.

Ga masu fakewa da addini wajen wannan kisan kan mai uwa da wabi, a koma littafi. Cikin halittu biyar da hadisi ya halatta kashewa ko a Harami akwai kunama, babu gizo. Sura guda ta Alƙur'ani, ta 29, sunansa take ɗauke da shi, kuma tun muna makarantar allo muke jin labarin saƙar da ya yi a bakin kogon Saur ranar Hijira. A tatsuniya mun ba shi wayo mun aura masa Ƙoƙi, a bango kuma mu bi shi da takalmi, shi da ke rage mana sauro da ƙuda kyauta.

Ban ce kowa ya rungumi gizo ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma zai gudu, kuma uwar da ta ga baƙon abu kusa da jaririnta ba za ta tsaya tambayar sunansa ba. Ban ga laifinta ba. Da maza nake, masu yanke hukunci a gida, da samari masu waya a hannu. Tsoro jari ne, kuma ɗan kaɗan muke da shi. In muka kashe shi a kan abin da ya fi muni a ido, ba abin da zai rage wa abin da ya fi haɗari.

Mu mutanen Mayo ma ai bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Mun san yadda ake yanke wa unguwa sukutum hukunci daga nesa, a kira ta matattarar miyagu, daga bakin wanda bai taɓa shan shayi a cikinta ba. Wanda ya ɗanɗani zafin suna, shi ya fi cancanta ya yi bincike kafin ya raɗa wa wani.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba shi da tsada. Bidiyon da ake zungurar halitta don ta fusata, kada ka tura shi gaba. Wanda ya ce maka yana da gizo mai ladabi, ka ce ya ajiye shi ƙasa. A gida kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa, a janye gado daga jikin bango, a kwashe tarin bulo da shara daga inda yara ke wasa, a san asibitin da za a nufa tun kafin dare ya yi. Gizon da ke kusurwar rufi, tsintsiya ta ishe shi zuwa waje. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon bambance mai ban tsoro da mai cutarwa.