Waiwaye: Almakashin da Ba a Duba Kaifinsa Ba

Ranar 20 ga Yulin 2016, Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke neman amsar abin da ya shige musu duhu, ya tsaya cak na minti 34. Sanadin ɗan layin umarni ne da ke datse guraben banza a farko da ƙarshen rubutu. Wani rubutu ya shigo ɗauke da gurabe kusan 20,000 a jere, da harafi a bayansu. Layin ya bi guraben har ya ci karo da harafin, ya koma ya fara daga gurbi na biyu, sai na uku, har binciken ya kai kusan sau miliyan 200. A 2020 aka gano irin wannan lahani a trim, ƙaramar manhaja ta kyauta da ke rumbun npm, wadda wasu manhajoji da dama suka dogara da ita.

Al'ada a buɗaɗɗun manhajoji da dama ita ce kowane gyara sai wani ya duba kafin a haɗa shi. Amma gyara mai layi uku, wa zai tsaya masa? Sai a leƙa, a ce ya yi. Manomin rani a Bunkure ya san ba haka ba ne: ruwan Tiga yana iya cika babbar hanyar ruwa, amma idan ƙaramar ƙofar da ke bakin gonarsa ta lalace, tumaturinsa ya bushe.

Abin da ya fi damuna shi ne rabonmu a wannan sakaci. Tun 2012, lokacin da ministan noma na wancan zamani, Akinwumi Adesina, ya kawo rabon taki ta wayar salula, sunan manomi a Kura da Garun Malam ya zama abin da kwamfuta ke tantancewa. To, a tsarin UTF-8, ɓ da ɗ da ƙ kowanne bayit biyu yake ci, harafin Turanci kuwa ɗaya. Almakashin da ke yanka suna da ƙirgen bayit yana iya raba ɗ gida biyu, ya bar shara a wurin. Wanda kuma aka ce ya share alamomi a bakin kalma zai cinye alamar da ke gaban 'Yankaba. Suna ya bambanta tsakanin rajista biyu, mai shi ya yi ta zirga-zirga.

Mai dubawa a Berlin ba zai gwada Ɗanladi ba, don bai taɓa ganin sunan ba. Ɗalibin kwamfuta a jami'ar Bayero ko ta Wudil ya san shi, kuma ƙofar dubawa a buɗe take gare shi a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji. Ya ɗauki gyaran, ya zuba masa rubutu wayam, da gurabe dubu, da Ɗanladi da Ƙasimu da Sa'adu, ya rubuta wa masu manhajar abin da ya fito.