Wa Ya Shigo Da 'Yan Bindiga Ɗakin Yara?

A ƙarshen shekarar 2025 ne ɓarayin daji masu ƙetarowa daga jihar Katsina suka far wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, irin su Faruruwa da Biresawa, suna kora shanu, suna yin awon gaba da mata. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma alhakinsa na wuyan azzaluman da suka aikata da mahukuntan da suka bar talaka ba kariya. Amma akwai wata ɓarna da ba masu baburan nan ne suka yi ta ba, kuma dole a faɗe ta ko da za ta yi wa wasu 'yan'uwa ɗaci.

Wannan yanki ba daji ba ne. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Abin da ya auku a Tsanyawa da daddare, kafin hantsi ya isa Bichi da Bagwai da Dambatta. To wa ke kai shi? Samari ne masu waya. Saurayi zai zauna a dakali ya kunna hoton gawa, ko muryar wata baiwar Allah tana kururuwa a WhatsApp, ƙannensa 'yan shekara biyar da shida sun yi masa rumfa a ka. Ya gama kuma ya ƙara gishiri, wai an ce gobe nan za su shigo. Shi ya tashi ya tafi wajen mai shayi, yaro kuwa ya kwana da abin.

Sai a ga yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Yana firgita cikin barci, ya ƙi zuwa makarantar allo, ya ji ƙarar babur ya ruga bayan rumbu. Maganin da ake ba shi? Tsawa da dariya, wai namiji ba ya tsoro. A wasu gidajen ma an mai da 'yan bindiga sabon dodo, yaro ya ƙi cin tuwo a ce za a kira masa su. Subhanallah! Annabi Musa (AS) kansa Alƙur'ani ya ba da labarin ya fita daga birni yana cikin tsoro, balle ɗan shekara shida. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i kuwa zargi ce ga masu yayata labarin tsoro da zarar ya zo musu. Wanda ke tura kowane hoto ba bincike ya duba ya ga ina ya faɗa.

Ɗan'uwan da ke son gyara ya fara da wayarsa, kada ya ƙara kunna irin wannan a gaban yara. Sannan ya zaunar da ƙanensa ya tambaye shi me ya ji, domin sau da yawa abin da ke kan yaro ya fi abin da ya faru muni. Kada ya yi masa ƙarya cewa ba a yi komai ba, ai ya ga mutanen da suka taso da kayansu a ka. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: miyagu sun zo wani gari, manya suna gadi, ga Baba ga Yaya nan kusa. In ya sake tambaya gobe, a sake ba shi amsa ba tare da ƙosawa ba. A raka shi makaranta, a bar shi ya kwana kusa da uwarsa, a karanta masa Falaƙi da Nasi a shafe masa jiki, a bar Iya ta ci gaba da tatsuniyarta kamar kullum.

In kuwa makonni sun shuɗe yaro bai daina firgita ba, ko ya daina magana, ko abinci ya gagare shi, to kada a tsaya ga hayaƙi ana cewa iska ce. A haɗa addu'a da zuwa asibiti, in ta kama har Dawanau, wadda ke nan cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa.