Gandu da Gayauna a Aikin Manhaja

Duk wanda ya san ƙauyukan Bichi, Ɗambatta ko Minjibir ya san gandu. A bisa al'ada, mai gida da 'ya'yansa sukan yi noma tare daga safe zuwa azahar, sa'an nan kowane ɗa ya wuce gayaunarsa, ya shuka gyaɗa ko wake yadda ya ga dama. Ɗalibanmu masu sha'awar rubuta manhajar kwamfuta suna da darasi a nan.

Fuskar manhaja ita ce abin da mutum yake gani yana latsawa a waya. An saba gina ta dunƙule, ta yadda mai ƙaramin gyara sai ya jira kowa ya gama kafin a fitar da sabon zubi. A shekarar 2016 kamfanin ThoughtWorks ya ja hankalin masana ga dabarar yanka fuskar gida-gida: rukunin ma'aikata guda ya riƙe sashen bincike, wani ya riƙe na biyan kuɗi, kowa ya fitar da gyaransa ranar da ya shirya. Wannan ita ce gayauna. Dama tun 1968 Melvin Conway ya nuna cewa fasalin manhaja yakan bi fasalin sadarwar masu gina ta.

Saurin gaskiya ne, amma wa ke biyan kuɗinsa? Idan kowane rukuni ya ɗora wa shafi nasa kayan aiki, sai shafin ya yi nauyi. Manomin Kunchi mai ƙaramar waya da raunin sabis shi zai yi ta jira, datarsa tana ƙonewa.

Ilimin halitta ya nuna mana mafita. A cikin ƙwayar halitta akwai ɗakuna, kowanne da tantanin da ya kewaye shi, yana aikinsa daban, amma dukkansu da makamashi iri ɗaya suke ciniki, wato ATP. Haka gayauna: ba ta hana a ci tuwo daga rumbu ɗaya ba.

Saboda haka, malamai, ku koya wa ɗalibai su fara yarjejeniya a kan iyaka da kayan tarayya kafin rabo. Kuma idan su uku ne kacal, kada su raba. Gonar da magada suka yayyanka har garmar shanu ta kasa juyawa a ciki, kowa ya sami 'yanci, amma rumbu bai cika ba.