Mashi da Garkuwa: Kowace Tsayuwa da Farashinta

Matasan Katsina masu raba dare a kan wasannin yaƙi na intanet, daga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa har 'yan majalisar Ƙofar Ƙaura, suna da wani kuka da na ga ya cancanci saurare. Da zarar salon faɗa guda ya rinjayi sauran, sai kowa ya koma kansa, wasa ya zama lami.

Masu ƙera waɗannan wasanni sun daɗe da sanin cutar. A World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, an bai wa jarumi tsayuwa uku. In ya ɗauki ta kariya, saran da ke samunsa zai ragu da kashi 10 cikin 100, amma nasa ma ya ragu da kashi 10. In ya ɗauki ta afkawa, damarsa ta yin mummunan sara za ta ƙaru da kashi 3, shi kuwa raunin da yake sha ya ƙaru da kashi 10. Ta ukun tana tsaka-tsaki. Ba a samun wani abu sai an bar wani.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da zare, shi ne mashi, ɗayan ya miƙa shi a buɗe, shi ne garkuwa. Duk lokacin da ya saki mashi, ya buɗe jikinsa. In kuwa ya lafe bayan garkuwa, sai turmi uku su ƙare bai yi kisa ba. Da an yarda a naɗe hannu biyu, da lissafin da ya sa Ɗan Anace ya wasa Shago ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne wasannin da ke sayar da ƙarfi. Inda kuɗi ke sayen mashin da ba ya buɗe jiki, ƙwarewa ta mutu, ɗalibi kuma zai zuba kuɗin abincinsa don ya kamo mai hali, ba kuwa zai kamo shi ba.

Saboda haka nake kira ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta: ranar da za ku ƙera mana wasan dambe na waya, ku fara da zama a gidan dambe. Ku sa wa kowace tsayuwa farashinta, kada kuma farashin ya zama na naira.